Shaihu Umar (1976): Fim Ɗin Da Kowa Ke Yabo, Amma Su Wa Suka Kalle Shi?

 Duk lokacin da aka tayar da gardamar wane fim ne ya fi kowanne a tarihin Hausa, ko a Facebook ko a majalisa, za ka ji wannan ya ce Sangaya, wancan ya ce Wasila, yaran yanzu su ce Labarina ko Izzar So. Can sai wani mai son a san ya yi karatu ya gyara zama ya ce duk ku bar wannan surutun, Shaihu Umar ne. Daga nan sai kowa ya yi tsit, don an ambaci sunan da ba a ja da shi. To amma ka tambaye shi abin da ya faru a cikin fim ɗin, ka ga yadda za a fara kame-kame.

Shi ya sa na ga ya kamata mu ajiye bayaninsa a wuri ɗaya: wa ya yi shi, yaushe, mene ne labarin, yaya ya ɓata aka sake gano shi, sannan mu zo kan tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko an zuzuta shi fiye da kima, kuma me yake nufi. Ra'ayina tun daga farko shi ne: inda ake yabonsa ba nan ƙarfinsa yake ba, inda ƙarfin nasa yake kuma ba a cika son zuwa wurin ba. Wanda ba ya son a ba shi labari kafin ya kalla, to ya sani zan faɗi ƙarshensa.

Asalinsa littafi ne

Kafin a yi fim, littafi ne, kuma wanda ya rubuta shi ba ƙaramin mutum ba ne: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda hotonsa yake jikin takardar naira biyar. An haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koma Bauchi yana koyarwa. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke kula da ofishin talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar. An buga shi a 1934. Ku lissafa da kanku: marubucin bai wuce shekara 21 ko 22 ba a lokacin. Sa'anmu ne ke nan, mu da muke zaune muna faɗa a kan wace jaruma ta fi wata iya ɗaura ɗankwali.

An kashe Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin Janairun 1966. Bayan shekara ɗaya, a 1967, fassarar littafin da Turanci ta fito, wadda Mervyn Hiskett ya yi. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da labarin wasan kwaikwayo na dandamali, aka buga shi a 1975. Sai kuma fim a 1976. Za ku ga wasu suna rubuta Shehu Umar, wasu Shaihu Umar, duk abu ɗaya ne.

Daraktan fim ɗin shi ne Adamu Halilu, wanda ya daɗe yana yi wa gwamnati fina-finan wayar da kai kafin nan, kuma shi ne ya yi Kanta of Kebbi daga baya. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. Cikin 'yan wasan akwai Mairiga Aliyu da Umaru Dembo, wanda masu karatu suka sani da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Ba a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke shi ba, a zaren fim ne irin na silima, mai launi, kuma tsawonsa minti 142, wato awa biyu da minti ashirin da biyu. Kuɗin gwamnatin tarayya ne ya yi shi, a zamanin da kuɗin man fetur ya fara yawa, kuma shi Najeriya ta gabatar a bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a Legas a farkon 1977, aka yi hawan dabarsa a Kaduna.

Labarin

Abin yana farawa ne da wani babban malami zaune cikin almajiransa. Suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya fara ba su tarihin kansa. Duk abin da za ka gani daga nan waiwaye ne. A littafi garin da malamin yake zaune sunansa Rauta, kusa da Bauchi, zamanin kuma ƙarshen ƙarni na 19 ne, dab da zuwan Turawa.

An haifi Umar a Kagara. Mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi, mahaifiyarsa ta sake aure, ta auri wani bafade mai suna Makau wanda sarki yake ji da shi. Sauran fadawa suka shiga hassada. Aka je harin kamo bayi, da aka dawo sai suka kai sara cewa Makau ya ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kamo. Sarki ya ƙwace dukiyarsa ya kore shi daga ƙasar, ya tafi ya zauna a Maƙarfi. Kafin matarsa ta bi shi sai ta je Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun wata, a nan ne aka sace shi. Ɓarawon bai kai labari ba, kura ta cinye shi a daji. Wasu mutane suka tsinci yaron suka riƙe, sai mahara suka sake faɗa wa garin, aka kwaso shi zuwa Kano. A Kano ya faɗa hannun wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya mayar da shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi makaranta har ya zama babban malami.

A ɗaya ɓangaren uwar ba ta zauna ba. Ta bar gida, ta bar miji, ta bi sawun ɗanta har Kano. Wani madugu mai suna Ado ya yaudare ta da cewa zai kai ta inda ɗan yake, ta bi ayarinsa zuwa Murzuk, ƙarshenta ita da ta fito neman wanda aka sace, ita ma ta koma baiwa. Shekaru suka shuɗe. Umar ya yi wani mafarki da ya tayar masa da hankali a kan mahaifiyarsa, ya tashi nemanta. Suka haɗu a Tarabulus bayan wahala ta gama cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. A littafin, kan hanyar dawowa guguwar rairayi ta halaka ayarinsu har da Abdulkarim, shi ya tsira, ya ƙaraso ƙasar Hausa ya zauna yana karantarwa.

Ɓatansa da dawowarsa

Bayan FESTAC fim ɗin ya yi ɓatan dabo. Shekaru kusan arba'in ana jin sunansa a littattafan tarihi kawai, har mutane da yawa suka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano zarurrukansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, kuma sunan da ake yawan ambata a wannan aikin tono shi ne Didi Cheeka, wani mai shirya fim kuma mai sharhi daga Legas. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi ta mayar da shi na zamani, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a watan Fabrairun 2018. Daga nan ne sunansa ya sake tashi, aka fara rubuce-rubuce a kansa da Turanci da Jamusanci.

Ku lura da wannan: Bajamushe ya zauna a kujerar silima ya kalli Shaihu Umar tas, da fassara a ƙasa, alhali mu da aka yi shi da harshenmu sai an sha wahala. Nan Ajingi ka shiga shagon masu tura fim a waya ka ce Shaihu Umar, sai yaron ya tambaye ka ko wa'azi ne. Indiya-Hausa kuwa ko wanda ya fito jiya ne za ka samu. Ni ma sai da wani ɗalibin jami'a ya zo hutu da shi a kwamfutarsa na samu na kalla, na kuma maimaita.

To, an zuzuta shi?

Ta wani ɓangaren, eh, kuma ba zan ɓoye ba.

Abu na farko da ake cewa shi ne wai shi ne uban fina-finan Hausa. A shekaru dai ya girme su, amma uba sai da 'ya'ya, shi kuwa bai haifi kowa ba. Kannywood ba daga cikinsa ta fito ba. Ta fito ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, da diramar talabijin, da littattafan soyayya, da kuma fina-finan Indiya da iyayenmu suka sha kallo a gidajen silima na Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, shi ake lissafawa a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Kano, kuma da ƙaramar kyamara da kuɗin aljihu aka yi shi. Lokacin da Sangaya ya fito a 1999 ya juya kasuwa da waƙa da rawa, Shaihu Umar yana kwance cikin gwangwani yana shan ƙura. Yaya za a yi ka yi koyi da abin da ba ka gani ba? Saboda haka duk mai cewa 'yan fim sun bar tafarkin Shaihu Umar, ya fara gaya mana ranar da aka nuna musu tafarkin.

Na biyu, tafiyarsa tana da nauyi. Wanda ya saba da fim mai dogon zango inda kowane minti goma sai an yi mari ko an tona asiri, wallahi zai sha hamma. Ana jin ƙamshin dandamali a jikinsa, magana takan yi tsawo, kuma ba a gaggawa. Wasu za su ce ai haka fina-finan wancan zamani suke, kuma haka rayuwar ma take. Na yarda. Amma tsufa ba ya mayar da kowane jinkiri hikima.

Na uku, kuma wannan ya fi damuna, shi ne jarumin kansa. Ka duba labarin da kyau: me Umar ya yi? An sace shi, an tsince shi, an sake kwashe shi, an ba da shi, an sa shi makaranta. Komai yi masa ake. Kamar kayan ayari yake, ana sauke shi a wannan zango ana ɗora shi a wancan. Shawara ɗaya tak ya yanke da kansa, ita ce ta tashi neman uwarsa, ita ma sai da mafarki ya tura shi, kuma ya makara. Tsarin waiwayen ma yana rage fargaba, tunda tun daga farko ga shi nan zaune lafiya cikin rawani, ka san duk abin da zai same shi zai wuce. Idan Aminu Saira ya kawo mana jarumi irin wannan yau, ƙorafi za mu cika masa shafi da shi.

Sannan akwai kwarjinin marubucin. Mutum ne da aka kashe, ake ganin girmansa, kuma ya cancanta. Sai dai wannan girma ya rufe aikin, har ya zama kamar sukar Shaihu Umar rashin kunya ne ga mamaci. Haɗa da tambarin Balin, shi ke nan an rufe baki. Mu kuma mun iya wannan: abu namu ba ya daraja sai Bature ya tafa masa.

Inda ba a yaba masa yadda ya kamata ba

Yanzu mu juya ɗaya gefen. Idan ka tambayi wanda ya karanta littafin a makaranta mene ne darasinsa, amsar a shirye take: haƙuri, yarda da ƙaddara, da falalar ilimi. Ba ƙarya ba ne, suna ciki. Kana iya ganin inuwar ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, a jikin labarin: ga hassada, ga yaro da aka raba da gida aka kai shi wata ƙasa, ga mafarki, ga ɗaukaka a hannun baƙi, ga saduwa da mahaifi bayan shekaru. Amma ku duba inda suka rabu. A ƙissar, saduwar farin ciki ce, iyali suka taru suka zauna. A nan kuwa uwa ta ga ɗanta ta mutu a baƙuwar ƙasa, ba ta sake ganin gida ba. Wanda yake son ya koyar da cewa haƙuri yana biya a duniya, ba haka zai rufe labarin wadda ta fi kowa haƙuri ba.

Ni a ganina labarin nata ne, sunansa kawai aka sa a sama. Ita ce mai niyya, ita ce mai tafiya da ƙafarta, ita ce ta zaɓi ta rasa komai. Duk abin da na ce Umar ba ya yi, ita tana yi. Kuma sakamakon da ta samu shi ne bauta. Hanya ɗaya suka bi ta cikin Sahara, ƙasa ɗaya, zamani ɗaya: ɗan ya fito malami, uwar ta fito gawa. Bambancin ba na hali ba ne, ba na addini ba ne, sa'ar ubangida ce kawai. Shi ya faɗa hannun mai tausayi, ita ta faɗa hannun maci amana. Masu son Mother India na 1957, inda Nargis ta ɗauki fim ɗin gaba ɗaya a kanta, ku sani muna da uwa irin wannan a namu labarin, sai dai an zaunar da ita a gefe.

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yawancinmu idan aka ce fim ɗin bauta, abin da ke zuwa mana shi ne Roots na 1977 da Kunta Kinte, ko 12 Years a Slave na 2013 wanda ya ci kyautar Oska. A can abin a fili yake: mai bulala fari ne, mai kuka baƙi ne, jirgin ruwa ya zo daga waje. Kana kallo kana tsine wa Bature hankalinka kwance. A Shaihu Umar babu wannan sauƙin. Mai kai hari Hausa yake ji. Mai sayarwa yana salla. Kasuwar tana Kano. Wanda ya yaudari matar nan ba baƙo ba ne.

Dubi Makau. An nuna mana shi mutumin kirki, wanda aka zalunta, kuma muna tausaya masa. To amma me ya kai shi inda aka yi masa sharrin? Farautar mutane ya je. Rigimar da ta tashi a fada ba a kan ko ya halatta a kamo su ba ce, a kan rabon ganima ce. Waɗanda aka kamo ɗin su ma suna da iyaye mata, amma ba wanda ya bi sawunsu, labarin ma bai waiwaye su ba. Sai da abin ya juyo kan agolan Makau sannan ya zama abin kuka. Ko marubucin ya shirya hakan da gangan, ko kuwa zamaninsa ne ya yi magana ta bakinsa, sakamakon ɗaya ne: gidan da ya ci daga wannan sana'a, ita ce ta cinye shi.

Kada kuma a ɗauka tsohon tarihi yake bayarwa a lokacin da ya rubuta. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kai hari da cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu kai tsaye ba. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wato lokacin da littafin ya fito a 1934 akwai mutanen da har yanzu bayi ne, kuma waɗanda suka kai hari da waɗanda aka kama duk suna raye, suna haɗuwa a kasuwa. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, malamin makaranta a ƙarƙashin En'e, ya ɗauki wannan magana ya sa a littafi. Wannan ne abin yabo, ba tsufan fim ba.

Duk da haka sai na ce labarin ya ja birki. Abdulkarim shi ne birkin. An ba mu ubangida mai kirki har ya zama kamar bautar ce ta yi wa Umar gata, tunda da bai bar gida ba, wa ya san ko zai zama shaihi? Mai kallo zai iya tashi da tunanin cewa matsalar ba tsarin ba ce, miyagun mutane ne a cikinsa, a samu ubangida nagari shi ke nan. Alhali Abdulkarim ɗan wannan kasuwa ne, kirkinsa ga yaro ɗaya bai hana ayarinsa tafiya ba. Shi ma Umar da ya girma ya yi ilimi, ba mu ji ya tsaya ya ce abin da aka yi wa uwarsa haramun ne a daina ba. Kuma ba wai malamai ba su taɓa magana ba. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu yana amsa tambayar 'yan kasuwar Sahara, inda ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Kusan shekara ɗari uku bayan wannan fatawa, ga 'yar Musulmi 'yantacciya ana cinikinta. Malamin da ke cikin labarin ya san wannan hukunci ko bai sani ba? Fim ɗin ya bar mu da shirunsa. Wani zai ce rauni ne, wani zai ce gaskiyar yadda abin yake ne. Ni na fi karkata ga na biyu, amma shirun yana ci mini rai.

Mu nan gabashin Kano

Wannan ba labarin wasu can ba ne. A ƙarni na 19 Ningawa sun daɗe suna kai hare-hare kudanci da gabashin ƙasar Kano suna kwasar mutane, Kanawa ma suna kai nasu. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su. Lokacin Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, Takai ce sansanin Yusufawa, ga ta nan ba nisa da Gaya, kuma a irin wannan yaƙi wanda aka kama ba gida ake mayar da shi ba. Harshenmu ma bai manta ba. Rinji ƙauyen bayi ne da ke noma wa ubangida. Murgu kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa ne don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta. Fansa kuwa, wadda yanzu kullum muke ji a rediyo, tsohuwar kalma ce da ta dawo bakin aiki. Wanda ke son ya ji daga bakin wadda ta ga zamanin, ya nemi littafin Baba ta Karo na 1954, inda wata tsohuwa Bahaushiya ta ba da labarin hare-hare da satar mutane da biyan fansa a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zariya.

Har yau idan maganar aure ta taso a wasu gidaje, akwai binciken asali da ake yi a ɓoye, kowa ya san abin da ake nema, ba mai faɗa da ƙarfi. Kannywood ta yi fina-finan sarauta ba adadi, da bayi da kuyangi suna fifita, amma kusan kullum ado ne, kamar labule ko kilishi. Ba a cika tambayar daga ina aka kawo su ba. Ko Sangaya da muke ƙauna, talaka da ɗan sarki ne a cikin gidan sarauta, soyayya ce ta ɗauke hankalinmu. Shaihu Umar ne ya bi hanyar tun daga ƙauyen da aka kai wa hari har kasuwar da ke bayan Sahara.

Kuma hanyar ba ta mutu ba. A Nuwamban 2017, wata uku kafin a nuna fim ɗin a Balin, tashar CNN ta fitar da bidiyon da ya girgiza duniya, ana gwanjon baƙin haure a Libiya. Yaranmu da 'yan matanmu har yanzu suna bi ta Agadas, wani dillali ya yi musu alkawarin aiki, su ƙare a hannun wanda ya biya kuɗinsu. Ado bai mutu ba, waya ya saya. Sannan a Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a Kagara ta jihar Neja, garin da ke ɗauke da sunan mahaifar Umar, suka kwashi ɗalibai da malamai zuwa daji. Iyaye mata suka taru suna jiran labari. Wanda ya kalli fim ɗin bayan wannan ba zai kalle shi a matsayin kayan tarihi ba.

Idan za ka kalla

Shawarata, ka fara karanta littafin, ɗan ƙarami ne, zama ɗaya ko biyu ka gama, kuma ana samunsa wurin masu sayar da littattafan Hausa a Kano. Sannan kada ka shiga fim ɗin kana jiran waƙa ko faɗa irin na Indiya. Ka raba shi biyu idan ya yi maka tsawo, ba laifi ba ne. Ka sa kunne ga Hausar da ake yi, babu gaurayen Turanci, ka sa ido ga sutura da dawakai da yadda ake gaisuwa a fada, don masu shirya fina-finan tarihi na yanzu suna da abin ɗauka a nan. Mai Martaba, wanda Najeriya ta tura gasar Oska a 2024, ya nuna cewa sha'awar irin wannan fim ta dawo. Amma fiye da komai, duk inda uwar ta fito ka ajiye waya.

Idan maki ake so, ni ba zan sa shi a matsayin fim ɗin da ya fi kowanne daɗin kallo ba, ko kusa. Zan sa shi a matsayin wanda ya fi kowanne ƙarfin hali a abin da ya taɓo, tare da cewa ya taɓo ne bai damƙa ba.

Saura magana ɗaya. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wato hukumar da aka gano fim ɗin a ma'ajiyarta, mai hedikwata a Jos. A karon farko ɗan Kannywood ne riƙe da mabuɗin. Roƙona a gare shi shi ne a sa Shaihu Umar a Arewa24 ko a YouTube ta hanyar da ta dace, ko a ɗauko majigi a zagaya da shi garuruwa kamar yadda ake yi a da. Filin makarantar firamare da farin ƙyalle da janareto sun isa. A fara da Gaya ranar kasuwa, mu na Ajingi za mu hau babur mu zo.